Kumburin Muƙamuƙi: Abin da Gwajin Jini Ke Faɗa da Inda Yake Yaudara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi bayani kan ciwon haƙorin da kan rikiɗe ya zama kumburin muƙamuƙi da fuska, da kuma gwajin jinin da ake rubuta wa mai irin wannan lalura. Mu masu wannan wasiƙa likitocin haƙori ne da na tiyatar fuska da muƙamuƙi, tare da abokan aikinmu na ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne tambayar da 'yan uwan majinyaci kan yi, wani lokaci har da ɓacin rai: "Haƙori ne ke ciwo, me ya kawo maganar ɗibar jini?" Suna da gaskiyar tambaya, don kuɗin gwaji ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Abin yakan faro ne daga kogo a haƙori. Ƙwayoyin cuta su ci har su kai ga jijiyar ciki, su kashe ta, su bi saiwa su sauka cikin ƙashi. A nan ne sau da yawa zogi kan lafa na kwana biyu, mutum ya ce kanumfarin da ya cusa ya yi aiki, alhali jijiyar ce ta mutu. Mugunya ta taru, ta huda ƙashi ta inda ya fi sirantaka, ta malala cikin nama. Turame biyu na ƙarshe a muƙamuƙin ƙasa su suka fi haɗari, domin saiwarsu ta zarce inda naman da ke tallafe da harshe ya manne wa ƙashi, saboda haka mugunyarsu ƙarƙashin muƙamuƙi take zuba, ta nufi wuya. Idan kumburin ya kama ɓangarorin biyu da ƙarƙashin haɓa da ƙarƙashin harshe, ya yi tauri kamar katako, ya ɗaga harshe ya tura shi baya, wannan shi ne ciwon da ake kira da sunan Ludwig, likitan nan na Jamus da ya bayyana shi a 1836. Shaƙewa ce kan kashe mai shi. Daga wuya mugunya na iya gangarawa cikin ƙirji. Daga haƙoran sama kuwa tana iya haurawa ga ido da jijiyoyin jinin da ke cikin kai. Ido na ganin kumburin da ke waje. Yadda abin ya taɓa jini da ƙoda da sauran jiki kuwa sai an auna.

Gwaji na farko shi ne wanda ake rubutawa FBC a takarda, wato ƙidayar ƙwayoyin jini baki ɗaya. A jikin baligi mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sukan kasance tsakanin 4,000 da 11,000 a kowane maikurolita. Wani ɗakin gwaji zai rubuta 11.0, wani 11,000, duk abu ɗaya ne. Idan ciwo ya yi ƙarfi, ɓargo kan saki sojoji da yawa, adadin ya haura 12,000, ya kai 18,000, wani lokaci ya wuce 25,000. Amma jimilla kaɗai ba ta wadatar. Dole a duba rabe-raben da ke ƙarƙashinta. Rukunin da ake kira niyutirofil, wanda shi ke fafatawa da bakteriya, yakan kasance kashi 40 zuwa 75 cikin 100. A kumburin muƙamuƙi mai mugunya yakan wuce 80, su kuma limfosait, wani rukunin fararen ƙwayoyin, su ragu. A ɗauka, a matsayin misali, takarda ta nuna jimilla 18,000, niyutirofil kashi 88, limfosait kashi 8. A raba 88 da 8, a samu 11. A lafiyayyen mutum wannan rabon bai cika wuce 1 zuwa 3 ba. Lissafi ne da ba ya buƙatar ko sisin kwabo, yana nan kwance a takardar da aka riga aka biya, amma da wuya ka ga an yi shi. Idan kuma aka shafa jinin a gilashi aka duba da madubin likita, aka ga 'yan sojojin da ba su gama nuna ba sun wuce kashi 10, to ɓargo ya fara tura yara fagen fama, alamar an matsa masa lamba ke nan.

A nan ne yaudara ta farko take, kuma ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani nau'in jini wanda ke sa niyutirofil ɗinsu zama ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba, alhali ma'aunin da ake bugawa a gefen takardar sakamako galibi daga jikin Turawa aka samo shi. Lafiyayyen Bakano ko Bazazzagi na iya yawo da jimillar fararen ƙwayoyi 3,500 ko 4,000 garau. Irin wannan mutum idan ya zo da fuska a kumbure, takardarsa ta nuna 9,500, na'ura ba za ta sa masa alama ba, wanda bai lura ba zai ce jininsa lafiya lau, alhali ya ninka nasa fiye da sau biyu. Akasin haka ma na faruwa. Mai sikila yakan zauna da 12,000 ko 15,000 ko ba ya ciwo, mai juna biyu ma nata kan hau a watannin ƙarshe. Sai kuma allurar dezametazon da ake yawan dankara wa mutane a kemis don kumburi ya saɓe: tana ɗaga adadin fararen ƙwayoyi, tana ɗaga suga, tana danne zazzaɓi, ta bar likita da takardar da ba ta faɗin gaskiya. Mafi muni shi ne majinyacin da ya galabaita, jikinsa ya yi sanyi, numfashi na sauri, amma fararen ƙwayoyinsa sun faɗo ƙasa da 4,000. Wannan ba sauƙi ba ne. Sojojin ne suka ƙare.

A takardar nan dai akwai PCV, abin da jama'a ke kira yawan jini. Shi ma sai an yi hattara. Wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa kwana huɗu, haɗiyar yawu ma azaba ce, ga zazzaɓi, ga zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, ruwan jikinsa ya ƙafe, jininsa ya yi kauri. Sai PCV ya nuna 40, a ce ba shi da matsala. A sa masa ƙarin ruwa leda huɗu ko biyar, washegari a sake aunawa a ga 29. 'Yan uwa su tayar da hankali wai an zuƙe masa jini a asibiti. Ba a zuƙe komai ba, dama can jinin bai kai ba, ƙishirwa ce ta rufa masa asiri. Shi ya sa awon da za a dogara da shi kafin shiga tiyata shi ne na bayan an mayar da ruwan jiki. Ciwon da ya daɗe yana rage jini da kansa, domin jiki kan kulle sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta samunsa, ɓargo ma ya rasa abin ƙera sabon jini. Ba a cika yin ƙarin jini ba sai himogulobin, sinadarin da ke ba jini jan launinsa, ya sauko wajen 7, wato PCV wajen 21, sai dai in akwai wani dalili kamar ciwon zuciya ko zubar jini.

Ƙwayoyin daskarar da jini kuwa, daidai ɗinsu 150,000 zuwa 400,000. Hawansu lokacin ciwo ba abin damuwa ba ne. Saukarsu ƙasa da 100,000 ita ce abin tsoro, ko da yake zazzaɓin cizon sauro ma kan saukar da su.

Tunda an ambaci cizon sauro, bari mu faɗi wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya zo da zazzaɓi da kumburin kunci, sai a aika shi gwajin maleriya da na Widal, a dawo a ce taifot ne, a ba shi magani ya tafi gida, ba wanda ya ce ya buɗe baki a leƙa. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayoyin taifot ko danginsu, awon Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da komai. A damina kuma ana iya ganin maleriya a jinin mutumin da wani abu dabam ke neman ransa. Wani kuma a gida ake yanke hukunci a ce hangum ne. Kwana ukun da ake ɓatawa a haka su ne mugunya kan yi amfani da su ta sauka wuya.

Gwajin da ba mu yarda a tsallake shi ba ko da kuɗi sun yi ƙaranci shi ne na suga. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, minti ɗaya. Ba sabon abu ba ne a gano ciwon suga a jikin mutum ranar da ya zo da kumburin muƙamuƙi, bai taɓa sanin yana da shi ba. Suga mai yawa na kashe wa fararen ƙwayoyi kuzari, ciwon kuma na ƙara ɗaga sugan, kowanne na hura wa ɗan uwansa wuta. Awon da ya kai 11.1 a kowane lokaci, ko 7.0 kafin karin kumallo, ya shiga iyakar ciwon suga. A lura da ma'auni: wasu na'urori milimol suke nunawa, wasu miligiram, a ninka na farko sau 18 a samu na biyu, wato 11.1 shi ne 200, 7.0 kuma 126. Wahalar ciwo kaɗai na iya ɗaga suga na ɗan lokaci, don haka akan ƙara da gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, 6.5 ko sama na nufin abin ya daɗe. Sai dai wannan gwaji ba abin dogaro ba ne ga mai sikila ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. A kwance a asibiti ana so a riƙe suga tsakanin 7.8 da 10, galibi da insulin, a dakatar da ƙwayar maganin suga ta metfomin idan ciwo ya yi tsanani ko ƙoda ta taɓu, a kuma duba fitsari ko akwai kiton, sinadarin da kan taru idan ciwon suga ya rikice. Akwai haɗari ta ɗaya gefen: dattijon da ke shan maganin suga na gilibenkilamaid, bakinsa ya kulle ba ya cin abinci amma yana ta turawa da ƙwayarsa, sugansa na iya faɗowa ƙasa da 3.9, ya fara sambatu da gumi, a zaci ciwon ne ya hau kai.

Sai gwajin ƙoda da gishirin jiki, wanda ake rubutawa E/U/Cr. Yuriya da kiriyatinin datti ne da ƙoda ke tacewa daga jini: yuriya ba ta cika wuce 7 ba, kiriyatinin kuma tsakanin 60 da 110 ko kusa da haka, gwargwadon ɗakin gwaji da girman jiki. Idan yuriya ta yi sama sosai kiriyatinin bai motsa ba, yawanci ƙarancin ruwa ne, ƙarin ruwa zai gyara. Idan duka biyun suka hau, ƙoda ta fara jin jiki. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya zazzage ledar magungunan da majinyaci ya zo da ita: diklofenak, ibufurofen, feldin, wani lokaci duka ukun a rana ɗaya, sati guda cur, a cikin da babu abinci, a jikin da babu ruwa. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. In aka ɗora allurar jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da shi ma ke taɓa ƙoda, a kan haka ba tare da an ga sakamakon kiriyatinin ba, an ƙara wa Barno dawaki. Haka nan ruwan da ake ɗurawa a jijiya kafin hoton siti sikan, gara a san halin ƙoda kafin a sa shi. Mai jinya ma na da nasa awon da ba ya buƙatar na'ura: mutum mai kilo 60 ya kamata ya fitar da fitsari aƙalla mililita 30 a awa, wajen mililita 700 a yini da kwana. Sodiyam daidai ɗinsa 135 zuwa 145, fotasiyam 3.5 zuwa 5.0, fotasiyam ɗin nan mai ba da maganin barci a tiyata zai so ya gan shi, don yana taɓa bugun zuciya.

Gwajin da ya fi amfani wajen bin sawun ciwon shi ne CRP, wani furotin da hanta ke ƙerawa idan jiki ya hargitse. A mai lafiya bai kai miligiram 10 a lita ba, wasu ɗakunan gwaji ma 5 suke sa wa iyaka. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, kuma da zarar an kawar da tushen ciwo yakan sauka da sauri, domin rabinsa kan bar jini cikin wajen awa 19. A babban kumburin wuya ganin 150 ko 250 ba abin mamaki ba ne. Amfaninsa ba a awo ɗaya yake ba. A auna ranar zuwa, a sake bayan awa 48 zuwa 72 da yin aiki. Washegarin tiyata yana iya ɗan ƙaruwa, wuƙar ce ta jawo, kada a firgita. Amma idan kwana uku sun cika bai juyo ba, ga zazzaɓi bai sauka ba, baki bai ƙara buɗuwa ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne akwai wani aljihun mugunya da ba a kai gare shi ba, ko robar da aka sa don ta tsiyaye ta toshe, ko haƙorin da ya jawo abin yana nan daram. Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne a canza maganin kashe ƙwayoyin cuta zuwa mai tsada, a sake canzawa, iyali su sayar da akuya. Magani ba ya shiga tsakiyar mugunya yadda ya kamata, don babu jijiyar jini a cikinta. Hoto ake buƙata da komawa tiyata.

ESR, wani gwajin da shi ma ke nuna hargitsewar jiki, ya fi araha, amma mai nawa ne: yana jinkirin hawa, yana ɗaukar makonni kafin ya sauka, ƙarancin jini da juna biyu na ɗaga shi, sikila na danne shi. Ya fi dacewa da ciwon ƙashin muƙamuƙi mai daɗewa. Gwajin furokalsitonin da na laktet, masu nuna tsananin ciwo, suna taimakawa inda ake da su. Laktet da ya wuce 2 na nuna jini ba ya isa gaɓoɓi yadda ya kamata, 4 kuwa maganar ɗakin kulawa ta musamman ce.

Akwai wani lissafi da likitoci a Singafo suka fitar a 2004 don gano ciwon da ke cinye naman ƙarƙashin fata, wanda kan kama wuya da ƙirji har fata ta yi baƙi ta zube. Ya haɗa abubuwa shida da muka riga muka ambata: CRP 150 ko sama, fararen ƙwayoyi daga 15,000, himogulobin da ya ragu, sodiyam ƙasa da 135, kiriyatinin sama da 141, suga sama da 10. Maki 6 na sa a yi zargi, 8 zargi mai ƙarfi. Mu dai ra'ayinmu, ƙararrawa ce ba alƙali ba. Idan fatar wuya ta canza launi, aka danna aka ji tana ƙaras-ƙaras saboda iskar da ke ƙarƙashinta, maki kaɗan ba ya wanke majinyaci.

Sau da yawa kuma laifin ba na jiki ba ne, na ɗibar jinin ne. A ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, komai ya fito a tsarme, in ruwan mai suga ne kuma sugan ya yi tashin gwauron zabo. A ɗaure hannu fiye da minti ɗaya, ko a matsa jini da ƙarfi ta siririyar allura, jajayen ƙwayoyi su fashe, fotasiyam ya fito sama na ƙarya. A tsiyaya jini daga kwalba mai shunayyar murfi zuwa ta gwajin ƙoda don a huta da sake huda, alhali sinadarin da ke cikin mai shunayyar murfin na ɗauke da fotasiyam, sakamako ya sake fitowa sama na ƙarya. A bar jinin gwajin suga a kwalbar da ba mai tokar murfi ba, ya yi awa uku a aljihun ɗan aike: ƙwayoyin jini na cinye kashi 5 zuwa 7 na sugan kowace awa. Duk sakamakon da ya saɓa wa abin da ido ke gani, a sake ɗiba kafin a yi aiki da shi. Idan za a shuka jini don gano ƙwayar cutar, a ɗiba kafin allurar farko, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga baligi, amma kada jiran kwalba ya jinkirta magani fiye da awa ɗaya. Mugunyar kanta ta fi jini faɗin gaskiya, kuma a zuƙo ta da sirinji ya fi a dangwalo da auduga, domin yawancin ƙwayoyin cutar baki iska na kashe su.

A yara akwai ƙarin dalilin duba jini. Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma da haƙora na girgiɗa ba tare da ruɓa ba na iya zama dajin nan na Burkitt, dasashi mai kumbura da zubar jini kuma na iya zama dajin jini, wanda FBC da duban gilashi kan fara tona shi. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, bayan ƙyanda, baki na wari, kunci ya kumbura, a yi zargin zaizayar baki, cutar noma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Irin wannan yaro jininsa da alibumin ɗinsa, wato furotin ɗin cikin jini, duk ƙasa suke, abinci na cikin maganinsa. Ga manya, ciwon da ya yi tsanani fiye da kima ko yake ta dawowa dalili ne na neman izinin gwajin HIV.

Idan aljihu bai kai duka ba, ga jerin da muke ba da shawara: suga tukuna, sai FBC da rabe-rabensa, sai na ƙoda, sannan CRP. Amma ko ɗaya daga cikinsu ba a jiransa idan bakin mutum ba ya shigar yatsa biyu, yawu na dalala, murya ta canza kamar mai dankali a baki, ba ya iya kwanciya rigingine, ko ido ya fara rufewa. Wannan hanyar numfashi ake fara tsarewa, a fasa a fitar da mugunya, a cire haƙorin, sakamako ya tarar da shi a gado. Maganar cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe, ko ba a cire wa mai ciki, ba ta da tushe. Sakiyar wanzami kuwa ba ta kai zurfin da mugunyar take, sai dai ta ƙara wata cutar. Masu kawo majinyaci su taho da kwalayen duk abin da ya sha ko aka yi masa allura, har da na gargajiya, su faɗi ranar da ya fara da ranar da ya yi fitsarin ƙarshe, su kuma adana takardar gwajin farko, don da ita za a gwada ta kwana uku.

Wassalam.

Naku,
Wasu likitocin haƙori da tiyatar fuska, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje